Ranar da Tsaf Ya Gyara Kwalin Yaya

A layin nan kowa da sana'arsa guda, ban da mutum ɗaya da ya iya ta kowa, amma fa da baki. Shi ne Tsaf. Ba sunan da iyayensa suka sa masa ba ne, bakinsa ne ya jawo masa, don ba ya rufe magana bai ce "tsaf" ba. Ka ce masa rediyonka ya lalace, zai ce, "Kawo in gyara maka shi tsaf." In ka kai masa kuwa, sai dai ka sayi wani.

Ya taɓa yin aiki a wani kantin magani, kuma har yau kunnuwan mutane ba su huta da labarin ba. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda aikin ya ƙare. Ran da mai kantin ya bar masa tsaro, gogan naku ya sauke magunguna kaf ya jera su bisa launin kwali, ja da ja, kore da kore. Da aka zo neman maganin tari, kusa da na ɓera aka tsince shi. Shi dai Tsaf cewa yake hassada ce mai kantin ya yi masa.

Tun daga nan yake zaune a gidan yayarsa, yana ci yana ba da shawara. Yaya masaƙiya ce, tana da shago a tsakiyar layin da injin saƙa, tana yin rigunan sanyi da huluna da safa. Mijinta kuwa siminti yake sayarwa, mutum ne mai dariya da yawa amma ba ya maimaita magana. Wata rana ana cin abinci ya dubi Tsaf yana loma ta uku kafin kowa ya yi ta farko, ya ce, "Ƙanena, in wata ya ƙare ba ka da aikin yi, akwai buhuna a shagona suna kewar kafaɗa."

Tsaf ya dubi tafin hannunsa, laushi kamar na jariri. Nan take ya ƙudura a ransa cewa kafin ƙarshen wata sai Yaya da bakinta ta naɗa shi manajan shagonta.

To, a shagon akwai wani tsohon kwali a ƙarƙashin tebur, shaƙe da ƙyallaye na saƙa, kowane bai fi tafin hannu biyu ba. Samfurori ne. Duk saƙar da Yaya ta taɓa gwadawa tun da ta sayi injin tana ciki, mai ciniki ya zo ya tona ya zaɓa. Kowane ƙyalle yana da jelar zare mai ƙulle-ƙulle, kuma ƙullin nan shi ne rubutun Yaya. A jikin injin akwai wani makunni mai lambobi da ake murɗawa don saƙa ta tsuke ko ta saki. Lambar da ta murɗa, yawan ƙullin da take yi kenan. Sannan a bakin kowane ƙyalle takan saƙa 'yan layuka da ragowar zare, ko wane launi ta samu, don ya riƙe idanun saƙar kada su zame. Ta taɓa yi wa Tsaf wannan bayanin dalla-dalla. Lokacin yana lissafin girman allon da zai rubuta MANAJA a kai, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Sai ga waya, 'yar Yaya ta haihu a wani gari. Yaya ta haɗa jaka, ta kira shi da sunan da ita kaɗai take kiransa.

"Auta, ga makulli. Ka buɗe, ka share, ka rufe. Me na ce?"

"In kula da shago."

"Ban ce ba. Buɗe, share, rufe. Kwalin can kuwa, ko ƙuda ka gani a kansa, bar shi ya sha zamansa. Ran da zan dawo da yamma shugabar makarantar can ta bayan asibiti za ta zo zaɓar saƙar rigunan sanyi na ɗalibanta. Makaranta guda fa, Auta. Kada in dawo in ji wani labari."

"Haba Yaya! Za ki tarar da komai tsaf."

"Abin da nake tsoro kenan," in ji Yaya, ta shige mota.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya juye kwalin a tsakiyar shago. Ya tsaya a kan tulin, hannu a ƙugu, yana girgiza kai.

"Dubi dukiya a hannun wadda ba ta san tsari ba!"

Maƙwabtan shagon biyu suka leƙo, mai aski daga dama, mai wanki da guga daga hagu.

"Tsaf, ba Yaya ta ce kada a taɓa ba?" in ji mai aski.

"Ta ce kada a ɓata. Ni gyara zan yi. Ku saurara, nan da kwana kaɗan wannan wuri kamfani zai zama. Kai, na ba ka jami'in hulɗa da jama'a. Kai kuma, duk gugar kamfani taka ce."

Mai guga ya gyara tsayuwa. Mai aski ya tambaya ko muƙamin yana da kujera. Aka ce masa mai juyawa ma. Shi kenan, aka rufe bakin kowa.

Aikin farko shi ne raɗa suna. Tsaf ya yayyanka takarda, ya ɗauki alƙalami mai tawada, ya shiga zuba hikima. Wani ƙyalle mai igiya-igiya ya zama Sarauniyar Sanyi. Wani mai kauri ya zama Ka Fi Bargo. Akwai Sha Kallo, akwai Guguwa, akwai wani ja wur da ya sa wa Manaja Na Ɗaya. Ya maƙala wa kowane takardarsa da fil. Sai da ya gama ya lura ƙyallayen sun sha hannun masu ciniki, sun yi dauɗa.

"A kantin magani," ya ce wa mai aski, "ba ma wasa da ƙwayar cuta. Ruwan zafi, tafasasshe."

Ya ari bahon mai guga, ya antaya su duka ciki, har da takardun, don kada suna ya rabu da mai shi. Ya kawo sanda yana juyawa yana fito. Ruwa ya fara yin shuɗi, tawada kenan. Sannan ya yi ja, Manaja Na Ɗaya kenan. Daga nan ya koma wani launi da ba a raɗa masa suna ba tukuna.

"Tsaf, wannan miya kake haɗawa?" in ji mai aski.

"Daidaita launi ake kiransa. Kai gashi ka sani, shi kuma baƙi ne ko fari."

Da ya tsamo su, fararen sun koma ruwan hoda. Na ulu sun tsuke sun yi tauri, wanda ya kai tafin hannu biyu ya dawo bai fi murfin kofi ba. Takardun kuwa sun dame, sai fil kaɗai ke soke masa yatsu. Mai guga ya ɗaga Ka Fi Bargo da yatsa biyu.

"Wannan yanzu ko ga ɓera bai fi bargo ba."

"Samfurin jarirai ne," in ji Tsaf. "Sabon sashe muka buɗe."

Ya tattara waɗanda suka tsuke ya cusa su can ƙasan kwali, ya tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sauran ya shanya a igiya tun daga ƙofar shago har sandar lantarki, mata masu wucewa suna tambaya ko an yi haihuwar 'yan tsana ne.

Washegari ƙyallayen suka bushe, amma gefensu ya naɗe kamar tabarma. Haka saƙar injin take, kowa a sana'ar ya sani. Tsaf bai sani ba, ya ce rashin tarbiyya ne. Ya tafi wurin mai guga.

"Ranar fara aikinka ta zo. Kawo dutsen guga, wanda ya fi zafi."

"In zo in yi da kaina?"

"Na farko manaja ne yake nunawa."

Ya shimfiɗa Guguwa, wadda da zaren roba aka saƙa ta, ya danna mata dutse ya ɗora ƙarfinsa duka. Aka ji cuuu, wari ya turnuƙe shagon. Ya ɗaga dutse, babu Guguwa a kan tebur. Ya duba ƙasa, babu. Ya juya dutsen, ga ta nan a manne, ta yi sheƙi kamar leda.

"Ta kama da kyau," in ji shi. "Wannan ya nuna ingancin zare."

Don ya tabbatar ba laifinsa ba ne ya gwada a kan wasu. Da ya tabbatar, sai ya kankare dutsen da cokali ya mayar wa mai shi. Ba a jima ba aka ji ihu daga hagu. Mai guga ya fito riƙe da farar rigar wani babban mai cinikinsa, an ja mata layi kore shar tun daga wuya har ƙasa.

"Tsaf! Ka kashe ni! Rigar mutane!"

"Kwantar da hankalinka. Kamfani zai duba lamarin."

"Wane kamfani? Kai ne kamfanin!"

"To ka ga ka kawo ƙara wurin da ya dace."

Waɗanda suka ƙone suka bi 'yan'uwansu ƙasan kwali. Duk da haka akwai saura da yawa, masu taurin rai, waɗanda suka tsallake ruwa suka tsallake wuta. Su Tsaf ya baje a tebur yana kallo, abu biyu suna ci masa rai: jelar nan mai ƙulle-ƙulle, da bakin nan na ragowar zare, shuɗin ƙyalle da baki ruwan lemo, fari da baki kore.

"Ara mini almakashi," ya ce wa mai aski.

Mai aski ya kawo, amma ya tsaya yana sosa ƙeya. "Anya ƙulle-ƙullen nan ba su da dalili? Na ga wani uku, wani biyar."

"Dalilinsu gaggawa. Yaya ba ta da lokacin gyara aiki. Kai in mutum ya zo maka da gashi wani dogo wani gajere, tambayarsa dalili kake yi?"

"A'a, askewa nake."

"To ba ni wuri."

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ƙulli yana faɗuwa ƙasa, Tsaf yana waƙa. Ya daidaita jelar kowane ƙyalle, tsawon yatsa, ba daɗi ba ragi. Sannan ya zauna ya tsefe ragowar zaren nan daga baki, layi bayan layi, har idanun saƙar suka fito a jere, tsirara, ba abin da ya riƙe su. Da ya ɗaga Sha Kallo, wasu idanu suka zame.

"Kamar tana warwarewa," in ji mai aski.

"Iska take sha. Shekara nawa tana ɗaure?"

Ƙyalle ɗaya ne ya tsira daga wannan duka. Tun ranar farko Tsaf ya ware shi, shuɗi mai duhu, saƙa miƙaƙƙiya ba ado, ya ce ba shi da aji, bai cancanci suna ba balle wanka. Ya cusa shi a aljihu yana share gumi da shi.

Saura ajiya, kuma nan ne basirar ta kai ƙarshenta. Ya kafa ƙusoshi a bango sahu-sahu, ya manna sababbin takardun suna a ƙarƙashin kowace ƙusa, ya rataye ƙyallayen. Sai ya ja baya ya ce, "Kun san abin da ke sa kaya ɓacewa? Kowane zaman kansa yake. A kamfanina ba haka." Ya kama jelar ƙarshen wannan ya ɗaure da ta farkon wancan, wancan da na gaba, har bangon nan gaba ɗaya ya zama igiya guda.

"Yanzu wanda zai saci ɗaya, sai ya saci duka."

"Kai, Tsaf, kanka yana ja," in ji mai aski.

"Ja ma kaɗan ne."

Bakin zaren na farko kuwa, Tsaf ya ƙara masa tsawo ya jawo shi har ƙofa, wai nan zai gicciya shi shugabar makaranta ta yanka a buɗe kamfani. Ƙusa ta ƙare. Ya waiga, ga keken mai aski a jingine a inda ya saba jingine shi, tsakanin ƙofofin biyu, don ba ya hawansa sai tafiya mai nisa ta taso. Ya ɗaure zaren a kariyar keken, wurin ɗora kaya, ya yi masa ƙulli biyu, kafin ya samo ƙusa. Daga nan ya tuna bai rubuta allon MANAJA ba, ya tafi neman fenti. Maganar ƙusa ba ta sake zuwa masa ba.

Ya kuma taka har makaranta ya ce wa shugabar an sauya lokaci, da safe za ta zo. Dabararsa ita ce Yaya ta dawo da yamma ta tarar an gama ciniki, sai dai ta rungume shi tana kuka tana miƙa masa makulli har abada.

Ranar ta zo. An aro bencina, an jera har waje. Duk mai shago a layin ya rufe rabin ƙofa ya zo kallo. Tsaf ya fito cikin kwat, wadda mai guga ya ba shi aro daga kayan mutane bisa alkawarin ƙarin girma, hannunta ya rufe masa yatsu. Mijin Yaya ya zo fari fat da ƙurar siminti, ya jingina da ƙofa yana murmushin da ba a san na mene ne ba. Shugabar makaranta ta iso, mace mai tabarau da jaka, irin wadda in ta kalle ka sai ka tuna ba ka yi aikin gida ba. Aka zaunar da ita a gaba.

Tsaf ya yafito mai aski. "Jami'i, babbar baƙuwa ba ta zama da ƙishi. Hau keke, lemo mai sanyi, na can bakin kasuwa. Kada ka tsaya, kada ka waiga."

Mai aski ya haye ya taka da ƙarfin muƙami.

Tsaf ya juya wa bango baya, ya fuskanci jama'a, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwa maƙwabta. Abin da kuke gani a bayana, jiya-jiyan nan tarkace ne a kwali. Yau kuwa…"

A bayansa aka ji wani siririn sauti, firrr. Sha Kallo, wadda ke kan ƙusar farko, ta fara gajarta. Layi yana bin layi, zare yana gudu ta ƙofa. Kafin ya gama gaishe da manyan baƙi, ƙusa ce kaɗai ta rage, na biyu ya kama rawa.

Bakin jama'a ya buɗe. Tsaf ya gani, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya san za su yi mamaki, amma bai zaci har haka ba.

"Na ga idonku. Ku riƙe mamakin, ba ku ga komai ba tukuna!"

"Wallahi muna gani," in ji wani daga baya.

"Wannan tsari, ranki ya daɗe, babu abin da zai sake ɓacewa a cikinsa."

Firrr. Sahun farko ya tafi. Shugabar makaranta ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ɗaga hannu.

"Malam, bayanka…"

"Tambayoyi sai ƙarshe, ranki ya daɗe."

"Ba tambaya ba ce."

"Yabo ma sai ƙarshe."

Mai guga ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Tsaf ya ɗauka kukan farin ciki ne, ya yi masa alamar ya daure. Wata mai sayar da maɓalli ta miƙe za ta yi magana, mijin Yaya ya ɗaga mata hannu, hawaye na wanke masa siminti a kumatu.

"Bar shi. Ci gaba, ƙanena, muna tare da kai."

Aka zuga shi kuwa. Ya shiga labarin kantin magani, ya bi ta kan hassada, ya dawo kan reshen da zai buɗe a wasu garuruwa. Sahu na biyu ya tafi, na uku ya bi. Yara a waje sun kama waƙa, duk ƙyallen da ya ƙare sai su yi tafi, shi kuma sai ya rusuna ya ce na gode.

"Yanzu kuma," ya ce, ya ɗauki sandar nuni, "ga tauraruwar kamfani, Sarauniyar Sanyi!"

Ya juya ya nuna. Ƙusa.

Ya nuna na kusa. Ƙusa. Ya bi bango da ido, ƙusa da takarda, ƙusa da takarda. Can ƙarshen sahu Manaja Na Ɗaya ne kaɗai ya rage, shi ma ya kai rabi, yana karkarwa.

"Wayyo! Ku tare! Ku tare shi!"

Ya daka tsalle ya cafke, hannun kwat ya hana shi riƙo. Zare ya ci gaba da sulalewa ta tsakanin yatsunsa har abin da ke hannunsa ya koma babu. Jelar ƙarshe ta faɗo ƙasa ta ja ciki ta nufi ƙofa. Tsaf ya bi ta da rarrafe, ya ture benci, mutum uku suka zube, allon MANAJA ya faɗo masa a gadon baya. Ya kai hannu zai damƙe jelar a bakin ƙofa, sai wata ƙafa ta taka ta.

Ya san takalmin. Ya ɗaga kai a hankali.

Yaya ce, da jaka a hannu. Ta sami motar sassafe. Tana sauka a bakin kasuwa ta ga zare yana tafiya a titi shi kaɗai, mai lanƙwasa kamar gashin da aka tsefe, ya sarƙe ƙafar mai tura baro, ya naɗe wuyan wata akuya. Ta dubi launin, ta ce kai, wannan kore na san shi. Ta biyo shi, kore ya ba ruwan toka hanya, ruwan toka ya ba ja, kowane ta san ran da ta saye shi. Bai kawo ta ko'ina ba sai ƙofar shagonta.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Tsaf daga ƙasa. "Ya mai jego?"

Ta tsallake shi ta shiga. Ta dubi bango, ƙusoshi a jere, takardu a jere, ba karkata ko ɗaya. Ta jawo kwali ta leƙa, ta ga na murfin kofi da na leda. Ta ga tulin ƙulli a lungu inda ya share su. Ta durƙusa ta ɗebo su a tafin hannu, dariyar kowa ta koma ciki.

"Auta," ta ce a hankali, "tun kana makaranta nake tara waɗannan. Har na ranar da na fara taɓa injin yana ciki."

Wannan ta shige shi. Da zagi ne, yana da amsa. Kunya ta rufe shi, gumi ya karyo masa, ya laluba aljihu ya ciro ƙyallen share gumi ya dafe goshi da shi.

"Tsaya," in ji shugabar makaranta. "Miƙo wannan."

Ta karɓa da bakin yatsu, ta ɗaga shi a haske, ta ja shi ta saki. "Wannan shuɗin shi ne na makarantarmu. Ba ado, ba hayaniya. Irinsa nake nema. Za a iya yi?"

Yaya ta karɓa, ta bi jelar da yatsa. Ƙullinta suna nan, bakinsa na ragowar zare yana nan. Ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Za a iya, ranki ya daɗe. Shi kaɗai ne ƙanena bai gyara ba."

Tsaf ya miƙe yana kakkaɓe kwat. Rai ya dawo. "Da ma shi ya sa na ware shi tun farko. A tsari ana kiran wannan…"

Yaya ta sunkuya ta fara cire takalmi. Ya bar bayanin.

Daidai nan mai aski ya dawo a ƙasa, yana jan keke da kwalaben lemo, ƙafar baya ta cushe da zare kala-kala, mai baro da mai akuya suna biye da shi kowa da ƙorafinsa.

"Wane ne ya yi wa kekena kitso? Ni na ajiye muƙamin!"

Yaya ta juya wurin mijinta. "Ka tafi da shi yanzu. Kada a jira ƙarshen wata."

Gaban Tsaf ya faɗi. Kafaɗunsa suka fara ciwo tun ba a ɗora komai ba. Mijin Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi baho, ya dubi bango, ya ja da baya.

"Ni? A'a wallahi. Wannan in ya ga ƙura a jikin buhu, wanke mini siminti zai yi da ruwan zafi."

Layi ya kwashe da dariya gaba ɗaya, har shugabar makaranta sai da ta cire tabarau. Tsaf ya matsa kusa da mai guga ya raɗa masa, "Ka gani? Ba siminti. Tsarin ya yi aiki."

"Tunda ba mai sonka, nawa ne kai," in ji Yaya. Ta zare makulli daga aljihun kwat ɗin, ta ɗauko jelar zaren daga ƙasa ta danƙa masa. "Ɗaya bakin ya je kasuwa ya dawo. Ka bi shi ka naɗe, kowane launi daban. In ka gama, ga injin can. Kai za ka tura, ni in yi ƙulli, har sai kwalin nan ya cika yadda ka same shi. Za ka gane siminti hutu ne."

Tsaf ya dubi zaren, ya dubi titi inda ya sarƙe sandar lantarki da ƙafafun bencina da akuyar mutane. Ya naɗe hannun kwat, ya ɗaga ƙirji.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Yaya. Kafin azahar zan naɗe miki shi ts…"

Yaya ta ɗaga gira ɗaya.

Ya haɗiye sauran, har ana jin wucewarsa a maƙogwaro. Ya sunkuya ya fara naɗi, yana tafe yara na binsa. Mutanen layin sun ce tun da suke da shi, ran nan kaɗai suka ga Tsaf ya bar magana ba murfi.